Ban Yi Kuka Ba Da Matata Ta Rasu, 'Yata Ta Ce Ban Taɓa Son Uwarta Ba

Assalamu alaikum. Shekarata 46. Wata takwas ke nan da Allah ya yi wa matata rasuwa, bayan shekara 19 muna tare. Ta bar mini 'ya'ya uku: babbar mace ce mai shekara 16, sai namiji mai 11, sai auta mai 6. Jinyar wata biyu ta yi. Ranar da za ta cika, a gefen gadonta na kwana. Da safe na fita karɓo mata magani, minti 40 kacal na yi, ina dawowa na tarar an lulluɓe ta. Tun daga ranar har yau ko ɗigon hawaye bai fito mini ba. Mutane na yaba tawakkalina, ni kuwa na san abin da ke cikina. Na kulle ɗakinta. Sai dare nake tashi daga aiki, in na iso gida kuma nakan zauna a mota har sai na tabbatar yara sun yi barci. Ƙarfe uku na dare nake farkawa ƙirjina kamar an ɗora dutse. Abu kaɗan sai in daka wa yara tsawa. Makon jiya babbar ta ce mini, "Baba, kai dama ba ka son Mama, ko kuka ba ka yi ba." Yayata kuma ta dame ni da maganar in sake aure. Likita ya auna zuciyata ya ce lafiya lau take, ya ce in gwada wani horon hankali da ake zama ana lura da numfashi. Shin zuciyata ce ta bushe? Kuma me zama da numfashi zai yi wa wanda ya rasa matarsa? Bai saɓa wa addini ba? Wani lokaci nakan ji da ma ni aka ɗauka aka bar ta.

Wani uba

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan baiwarsa, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya raya abin da ta bari, kai kuma ya sanyaya maka zuciya. Sau uku na karanta wasiƙarka kafin in fara ba ka amsa, kuma duk karatun a wuri ɗaya nake tsayawa, wurin minti 40 ɗin nan. Wata takwas sun shige amma lissafinsu na nan a kanka daram. Wanda zuciyarsa ta bushe ba ya riƙe irin wannan lissafi. Don haka tun kafin mu yi nisa, ka ajiye wannan tuhumar da kake yi wa kanka.

Akwai masana biyu a Amurka, Kenneth Doka da Terry Martin, da suka daɗe suna nazarin yadda mutane ke ɗaukar mutuwar nasu. Sun lura cewa wasu baƙin cikinsu ta ido da baki yake fita, su yi kuka, su yi ta ba da labarin mamacin har su ji sauƙi. Wasu kuma ta tunani da aiki nasu yake bi. Su ne za ka ga suna kai da kawo wajen biyan bashin mamaci, da gyaran abin da ya lalace a gida, da tsara makarantar yara, idonsu ƙamas amma cikinsu na ci da wuta. Masanan sun ce akwai mata a rukuni na biyu kamar yadda akwai maza a na farko, kuma yawancin mutane a tsakiya suke. Sai dai maza sun fi karkata ga na biyun, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun yaro yana faɗuwa ake ce masa ya tashi, namiji ba ya kuka, ya yi ta maza. Wanda aka yi shekara 40 ana koya wa haɗiye hawaye, ba rana ɗaya maƙogwaronsa zai saki ba, ko da ranar ita ce mafi muni a rayuwarsa.

Saboda haka rashin hawayen bai tayar mini da hankali ba. Gudun da kake yi shi ne ya dame ni, kuma zan gaya maka gaskiya a kansa domin gaskiya ka zo nema. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka bayyana wani abu da duk wanda aka taɓa yi wa mutuwa zai gane da zarar ya ji. Sun ce mai makoki lilo yake yi tsakanin abu biyu. Yau ya fuskanci rashin, ya tuna, ya ji zafin. Gobe ya juya ga rayuwa, ya yi aiki, ya yi dariya ma, ya manta na ɗan lokaci. Lafiyar tana cikin kai da kawon ne, domin kowane ɓangare hutu ne daga ɗayan. Kai kuwa ka ɗaure lilonka a gefe guda. Ɗaki a kulle, kai a wurin aiki har dare, sannan a mota har gida ya yi tsit. Baƙin cikin da aka hana shi ƙofa ba ya haƙura, taga yake nema. Tsawar da kake daka wa yara taga ce, farkawar ƙarfe uku taga ce, dutsen da ke ƙirjinka ma haka.

Na yi murna da ka je asibiti, domin jiki ma yana makoki. A 1969 likitan ƙwaƙwalwa Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Birtaniya kan maza 4,486 'yan shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A wata shida na farko, mutuwa a cikinsu ta zarce ta takwarorinsu masu aure da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne kan gaba wajen ɗaukarsu. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, tunda ba ka kai shekarunsu ba kuma an duba ka. Na kawo shi ne don ka daina raina abin da jikinka ke gaya maka. In ciwon ƙirjin ya sauya salo, ya sauka hannu ko haɓa, ko ya zo da gumi da ɗaukewar numfashi, kada ka ce ai tunani ne. Ka koma asibiti nan take.

Sai maganar tawakkalin da ake yaba maka, wanda na fahimci ya zama maka kurkuku, domin wanda aka yaba wa dauriya kunyar karyewa yake ji. Ka tuna cewa ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake fitar da numfashinsa na ƙarshe, idanun mahaifinsa sun zubar da hawaye har wani sahabi ya yi mamaki. Amsar da ya bayar ita ce wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija ta rasu har suna ta samu a tarihi, ana ce mata shekarar baƙin ciki. Annabi Yaƙub kuwa sai da idanunsa suka yi fari saboda rabuwa da Yusuf. Iyakar da aka gindaya wa haƙuri a harshe take da gaɓɓai. Ba a taɓa ɗora wa zuciya cewa kada ta ji zafi ba.

To, horon da likita ya ambata. A Turance maindifulnes suke ce masa, ni kuma nakan kira shi halarto da hankali, wato mutum ya dawo da hankalinsa kan abin da ke faruwa a jikinsa da zuciyarsa a wannan lokacin, ya dube shi yadda yake, ba tare da ya kore shi ko ya zargi kansa a kai ba. Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da shi asibiti a 1979, a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts, don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Tsarin nasa, wanda ake taƙaitawa da MBSR, na mako takwas ne: zama ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi cikin rukuni, sai aikin gida na kusan minti 45 kullum. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka haɗa shi da dabarun gyaran tunani suka fitar da wani tsari da ake taƙaitawa da MBCT don masu ciwon damuwa mai tafiya yana dawowa. A gwajin da suka wallafa a 2000, cikin waɗanda ciwon ya taɓa kayar da su sau uku ko fiye, kashi 66 cikin 100 na waɗanda ba su yi horon ba ya sake kama su, a waɗanda suka yi kuwa kashi 37 ne. Hujjarsa mafi ƙarfi a nan take, wajen damuwa da fargaba. Binciken da aka yi kan masu makoki kai tsaye ƙanana ne, shi ya sa ba zan yi maka alkawarin da ya wuce ƙima ba. Ba zai goge kewarta ba, kuma na tabbata ba ka ma so a goge ta.

Ga inda nake ganin zai amfane ka. Abu biyu ke cinka, kai kuma ka haɗe su ka ɗauka ɗaya ne. Na farko kewa ce, ita kuwa haƙƙin shekara 19 ce, dole a biya. Na biyu shi ne injin niƙan da ke tashi ƙarfe uku: da ban fita ba, da na aiki wani, da na kai ta asibiti tun da wuri. Da na sani ƙeya ce, kai kuma wata takwas kana ƙoƙarin juyawa ka gan ta. Wannan niƙan shi ne ainihin abin da aka tsara MBCT don ya katse. Yana koya wa mutum ya gane tunani tun yana ƙofa, ya ce a ransa, ga maganar minti 40 ta sake zuwa, maimakon ya bi ta har asuba. Tsakanin "na yi sakaci" da "tunanin cewa na yi sakaci ya zo mini" akwai 'yar tazara, kuma a cikin wannan tazarar mutum ke samun numfashi. A 2007 Matthew Lieberman da abokansa a wata jami'a da ke Kalifoniya sun nuna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa cewa ambaton sunan yanayin zuciya kawai yana rage motsin ɓangaren da ke kunna fargaba. Ka ga ashe faɗin "tsoro ne wannan" ko "kewa ce wannan" ba ƙaramin aiki ba ne.

Game da addini, ba zan ɓoye maka asalinsa ba. Kabat-Zinn daga zaman tunani na mabiya Buddha ya koyo dabarun, sannan ya cire musu aƙida da ibada ya bar horon hankali zalla. A irin wanda ake yi a asibiti babu wanda ake bauta wa, babu kalmomin da ake maimaitawa. Kai da kake sallah ma ba baƙo ba ne a wannan fagen. Ka san yadda hankali ke sulalewa ya tafi wurin aiki kana tsaye a raka'a ta biyu, ka kamo shi ka dawo da shi, ya sake tafiya, ka sake kamowa. Ƙarfin kamowar nan shi ake horarwa. Ba ya maye gurbin addu'a, kuma in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa bayanin yadda ake yin sa dalla-dalla, ka ji ta bakinsa.

Kada ka fara da minti 45. Ka fara da uku, kuma a motar nan da kake zama, tunda dama nan ne wurinka. In ka kashe inji, ka ajiye waya. A minti na farko ka tambayi kanka me ke nan yanzu: wane tunani ne a kai, me ke cikin zuciya, ina ne ya ɗaure a jiki. Ba gyara za ka yi ba, dubawa kawai. A na biyu ka bi numfashinka yana shiga yana fita, ka ji yadda ciki ke tashi yana sauka. Hankalinka zai gudu, ƙila sau goma, kuma hakan ba kasawa ba ce, dawo da shi ɗin shi ne horon. A na uku ka faɗaɗa, ka ji dukan jikinka, tafin ƙafa a ƙasa, baya a jikin kujera, har da dutsen ƙirjin, ka bar shi ya zauna ba tare da kokawa ba. Daga nan ka buɗe ƙofa ka shiga gida yara na farke. Wannan shigar tana cikin maganin, kada ka yi ukun ka ci gaba da zama.

Fushi ma ta jiki yake sallama kafin ya iso baki. Bayan mako biyu ko uku kana wannan, za ka fara jin zafin wuya ko matsewar haƙora tun tsawar ba ta fito ba. Da ka ji, ka fita waje ka yi numfashi biyar a hankali, sannan ka dawo ka yi maganar. In ka farka da dare, ka bi jikinka da hankali daga yatsun ƙafa zuwa kai, gaɓa bayan gaɓa. In barcin ya ƙi bayan kamar minti 20, ka tashi ka zauna a haske mara ƙarfi har ya dawo, domin juyi a gado ƙara wa injin mai yake yi. Amma ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Wasu in suka rufe ido suka yi shiru, hoton ranar ne ke faɗo musu, gadon da lulluɓin. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta yi shekaru tana nazarin irin wahalar da wasu ke gamuwa da ita a wannan horo. In haka ta same ka, ka buɗe ido, ka taka ƙasa da ƙarfi, ka ambaci abu biyar da kake gani, ko ka mayar da horon tafiya a ƙafa kana lura da kowane taku. In abin ya ci gaba, ka dakata sai da jagorancin ƙwararre. In kuma akwai ajin mako takwas ɗin kusa da kai ko ta intanet, da malami ya fi, ka gaya masa tun ranar farko cewa rashi aka yi maka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jumlarka ta ƙarshe ba zan tsallake ta ba. Mutane da yawa da suka rasa abokin zama sukan ji da ma su aka ɗauka, kuma sau da yawa kewa ce ke magana. Amma ina tambayarka kai tsaye: shin tunanin ya taɓa wuce nan, ya kai ga ka cutar da kanka? In amsar e ce, ko da sau ɗaya, yau ɗin nan za ka gaya wa likitanka da wani na jikinka, ba gobe ba, kuma kada ka kwana kai kaɗai da shi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu, kuma shiru na cikin abin da ke kai su. Ka kuma nisanci neman barci da ƙwayar da ba likita ya rubuta maka ba, ko wani abu mai gusar da hankali. Bashi ne mai ruwa.

Ko babu wannan, ina so ka nemi a haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya amince da wani yanayi da ake kira makoki mai tsawo, inda kewa mai tsanani ke hana mutum gudanar da rayuwarsa fiye da wata shida, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa rashi ke faɗawa ciki. Ba daga wasiƙa ake gane shi ba, sai an zauna da kai. In shi ne, yana da magani na musamman. Katherine Shear ta tsara wani na zama 16, wanda a gwajin 2005 ya taimaki kashi 51 cikin 100, alhali ɗayan maganin da aka kwatanta shi da shi ya tsaya a kashi 28. Halarto da hankali zai iya tafiya tare da wannan, amma ba zai wadatar a madadinsa ba.

Minti 40 ɗin kuwa, ka sake duba me ya fitar da kai. Maganinta. Kana cikin hidimarta ta cika, kuma wata biyu da kwanan ƙarshe duk a gefenta ka yi su. Masu jinya da dama na faɗin yadda marar lafiya kan cika daidai lokacin da nasa suka ɗan fita. Abin da ba ka samu ka faɗa mata ba, ka rubuta shi a takarda kamar tana gabanka, ko ka faɗe shi cikin addu'ar da kake mata. Ba sai kowa ya gani ba.

Yayarka tsoro take ji. Tana ganin ƙaninta na ramewa, yara ba uwa, aure kuma shi ne maganin da ta sani. Kada ka yi mata faɗa. Ka ce mata, "Yaya, na san don ni kike yi, amma ki ba ni lokaci, in na shirya ke ce ta farko da za ki ji." Matar da za ta shigo gidan da ɗaki ɗaya ke kulle kuma maigida ba ya magana, an zalunce ta tun kafin ta zauna. Sannan ka ba Yaya aikin da za ta iya, kamar ta riƙa jan babbar a jiki, domin akwai maganganun da yarinya mai shekara 16 ba za ta kawo wa uba ba. Kai ma ka zaɓi aboki ɗaya, wanda ya san rashi in da hali, ku riƙa taka ƙafa tare sau ɗaya a mako. Maza da yawa bakinsu ya fi buɗewa in ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba ido cikin ido ba.

Na bar 'yarka a ƙarshe ne domin tata ta fi gaggawa. Maganarta ta soke ka, na sani, amma ka saurari abin da ke ƙarƙashinta. Yarinya ce da ta rasa uwa, wataƙila ayyukan uwar ma sun dawo kanta, uban kuma sai ta yi barci yake shigowa. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa ta tambayi taka ba ta samu amsa ba, sai ta yanke hukunci da abin da ta gani. Tambayarta ta gaskiya ita ce, ni kaɗai ce nake kewarta a gidan nan? Ɗanka mai shekara 11 bai ce komai ba, amma kallonka yake yana koyon yadda namiji ke yi in an yi masa mutuwa, kuma darasin da ya ɗauka zuwa yanzu shi ne a kulle ƙofa a yi shiru. Auta kuma tana buƙatar magana a fili, cewa Mama ta rasu, ba za ta dawo ba, kuma ba laifin kowa ba ne. In aka ce mata tafiya ta yi, jira za ta yi ta yi.

A makon nan, bayan minti ukunka a mota, ka shiga da wuri ka kira babbar ita kaɗai. Ba sai ka yi kuka ba, kuma in ya zo kada ka tare shi. Ka ce mata, "Maganar da kika faɗa ta yi mini zafi, amma na gane dalilinki. Ina son mahaifiyarki, kuma ba daren da ba na farkawa da ita a raina. Ban kulle ɗakin don na manta ba, na kulle shi ne don na kasa shiga. Ki yafe mini tsawar da nake muku." Sannan ka ciro makullin ka nuna mata, ka tambaye ta ko za ta raka ka ku buɗe tare, ranar da ta ga za ta iya.